Ƙodar da Ta Rage

A jikin hoton, gefen hagu wayam yake. Inda ya kamata ƙoda ta zauna, hanji ne ya mimmiƙe ya cike gurbin, kamar maƙwabcin da ya ga fili babu mai shi ya matso da katangarsa. A gefen dama kuwa ga ƙoda ɗaya tal, ta yi kauri saboda shekara goma sha ɗaya tana aikin biyu, sannan a ƙugunta ga wani ƙari mai girman lemon tsami. Kwana huɗu ke nan Likita tana kallon ƙarin nan a allon ofishinta. Ta kalle shi ta gaba, ta kalle shi ta baya, ta auna shi har ta haddace shi, shi kuwa ko gezau.

Mai ƙodar kafinta ne. Ta hagun ba cuta ce ta cinye ta ba. Tana nan da ranta tana aiki, sai dai a cikin ƙaninsa, wanda duk gidansu ke kira Auta ko da yake furfura ta fara tsiro masa a gemu. Lokacin da ƙodojin Auta suka mutu, yayan ne ya kwanta aka yanka shi, aka ɗauki ɗaya aka dasa wa ƙanin. An gaya masa mutum yana rayuwa da ɗaya lafiya lau, kuma gaskiya aka gaya masa. Abin da babu wanda ya hango shi ne ranar da ɗayar za ta kamu.

A taron likitocin sashen da safiyar Litinin, babu wanda ya ɓata bakinsa a kan hanya mafi sauƙi. Da mutumin yana da ƙoda biyu, da an cire mai ƙarin ɗungurungum kowa ya huta. Shi kuwa in aka cire masa, daga ranar ya zama ɗan gidan injin wankin ƙoda, sau uku a mako, har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ƙarin kaɗai za a yanke, a bar ƙodar. Inda aka rabu shi ne ta wace ƙofa za a shiga.

"Huda huɗu ƙanana," in ji Likita, tana nuna wuraren a jikin hoton da bakin biro. "A zura kyamara da dogayen ƙarafa, a yi aikin ana kallon allo. Jini kaɗan, ciwo kaɗan, kwana uku ya koma gida."

Tsohon da ke zaune a ƙarshen tebur bai ɗago ba. Baba Ƙanƙara ake ce masa, har masu shara da ba su san dalili ba. Shi ya koya mata riƙe wuƙa, shi ya koya wa rabin mutanen ɗakin, kuma tun da ta dawo daga ƙaro ilimi da sabuwar hanyarta yake kiranta Mai Talabijin.

"Kafin ki yanka sai kin matse jijiyar da ke kai mata jini, ko ba haka ba?" ya ce.

"Haka ne, Baba."

"To ƙoda da ɗuminta, babu jini, minti nawa take yi kafin ta fara mutuwa?"

Tambayar ɗalibai ce, kuma da gangan ya yi ta. Ta danne zuciyarta ta ce, "Ashirin da biyar."

"Ni in aka buɗe haƙarƙari, aka matse jijiya, aka binne ta cikin ƙanƙara, na san tana yin haƙurin kusan awa guda. Sanyi yana sa ta barci, mai barci kuwa ba ya jin yunwa."

"Sannan mutum ya tashi da yanka daga ciki har gadon baya, ya yi wata biyu ko tari yana tsoron yi. Baba, na yi irin wannan ta huda sau arba'in da bakwai. Ban taɓa wuce minti ashirin da biyu ba."

"Madalla. A cikin arba'in da bakwai ɗin, nawa ne masu ƙoda ɗaya?"

Kowa a ɗakin ya sami abin dubawa a takardarsa.

"Babu," ta ce.

"To." Ya rufe fayil ɗin da hannun hagu. "In kin makara a kan mai biyu, ɗayar ta rufa miki asiri ke ba ki ma sani ba. Wannan ba shi da mai rufa miki asiri. Amma mara lafiyarki ne. Ke ce da wuƙa, ke ce da nama."

Akwai abin da ba ta faɗa ba a taron, kuma shi ne ya fi damunta. Wata biyu da suka wuce, suna aiki tare, ta ga bakin allura yana rawa a hannun Baba. Ya yi ƙoƙarin ɗaure zare sau biyu ya kasa, sai ya ce, "Ƙarasa min, idona ya gaji." Ta ƙarasa ba ta ɗago ba. Tun daga ranar ta lura ya daina shan shayi a gaban mutane, kuma hannunsa na dama kullum yana aljihu. A sashen nan kuwa aikin ƙanƙara na Baba ne, ba a taɓa yin sa babu shi ba. In ta yarda a buɗe, ta miƙa ƙoda ɗaya tilo ga hannun da ke rawa. In ta faɗi dalilin ƙin yarda, ta tsinka mutumin da ya raine ta a bainar jama'a. Gaba kura, baya siyaki. Sai ta fake da alƙalumanta. Amma a faɗi gaskiya, ba fakewa kaɗai ba ce: tana ji da hannunta, kuma ta gaji da sunan Mai Talabijin.

Da yamma ta je ɗakin marasa lafiya. Ta tarar da kafintan zaune a bakin gado, dogo, siriri, yana girgiza lokar gefen gadon yana tsaki, wai ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Auta yana tsaye jikin taga. Ta zana musu hanyoyin biyu a bayan takarda, ta faɗi amfanin kowace da haɗarinta. Kafin ta gama, kafintan ya ɗage rigarsa.

"Likita, kin ga wannan?" Tabo ne ya taso daga gefen ciki ya zagaya har baya, ya yi kauri kamar igiya. "Wata uku ban iya jan zarto ba. Har yau in hadari zai haɗu, shi yake fara sanar da ni. Wallahi ba mutuwa nake tsoro ba, wannan kwanciyar ce. In akwai ƙaramar ƙofa, don Allah ki bi ta ita."

"Yaya, ka bar su su yi abin da ya fi," in ji Auta. Ya juyo wurinta yana murza hannuwa. "Likita, in ta ƙi fa, ba sai a cire wadda ke jikina a mayar masa ba? Ai tasa ce. Aro ya ba ni."

"Ba a yin haka. Babu likitan da zai bar ka babu ko ɗaya."

"Rufe min baki," in ji kafintan, ko juyawa bai yi ba. "Wane irin aro? Ka taɓa ganin na ba ka abu na ce ka dawo da shi? Ko keken da ka karya min muna yara ban tambaye ka ba."

Auta ya yi dariya, sai kuma ya juya fuskarsa wajen taga ya daɗe a haka. Tausayinsu ya kama ta, bakinta ya riga hankalinta.

"Huda huɗu, Malam. Na yi maka alkawari."

A ranar farko da ta shiga hannun Baba, abu biyu ya hana ta: gudu a baranda, da yi wa mara lafiya alkawari. Ta tuna da wannan tun kafin ta kai bakin ƙofa.

Ana gobe aikin, babbar nas ta ɗakin tiyata ta tare ta da takardar kayan da za a shirya. Sista kawai ake kiranta, kuma shekara talatin ke nan tana miƙa wa Baba wuƙa. Ƙanƙarar da ake sa wa cikin mutum ba ta kanti ba ce. Ledojin ƙarin ruwa ake sakawa a firiza su kwana, da safe a farfasa su.

"Likita, ledojin fa? In sa su? Baba biyar yake sawa."

"Ba ma bukata."

"Ko don shirin ko-ta-kwana?"

"Sista, na ce ba ma bukata." Ta karɓi biro ta ja layi a kan wurin, da ƙarfin da ya kusa huda takardar. Sista ta dube ta ta saman tabarau, ta naɗe takardar.

Ƙarfe takwas da rabi na safe aka kwantar da kafintan a kan gefensa na hagu, tsohon tabon yana ƙasa. Likitan da ke ba da maganin barci, wani mai surutu da ake wa laƙabi da Sarkin Barci, ya ɗaga babban yatsa daga bayan labule. Shi ne kuma mai riƙe agogo: da zarar an matse jijiya, shi zai riƙa faɗin minti. Aka huda, aka hura iska a cikin, aka zura kyamara. Cikin mutum ya bayyana a allo, ja da rawaya, yana motsi da numfashi.

Awa ɗaya da rabi komai ya tafi kamar an zana. Ta ture hanji gefe, ta yaye kitsen da ya lulluɓe ƙodar a hankali, ta gano jijiyar tana bugawa. Ta kawo ƙarfen matsewa ta ɗora shi a kanta, bakinsa a buɗe. Saura kawai ta share kitsen ƙarshe daga gindin ƙarin, ta ga inda wuƙa za ta bi.

Da kitsen ya kauce, sai hannunta ya tsaya cak.

Gani ya kori ji, ya kuma kori hoto. Abin da ta ɗauka a bakin ƙoda yake ashe ya yi saiwa. Ya nutsa ciki, ya je ya jingina da wani reshen jijiya daidai inda fitsari ke taruwa. Cire shi na nufin buɗe wurin, sannan a ɗinke hawa biyu, a wani lungu da dogayen ƙarafanta ba sa kaiwa sai da dabara. Ta ƙirga a zuci. Yanka, minti goma sha biyu. Ɗinkin ciki, goma sha biyar. Na waje, goma. Wannan ma in komai ya tafi daidai, kuma yaushe komai ya taɓa tafiya daidai?

"In fara ƙirga?" in ji Sarkin Barci.

Yatsanta yana kan hannun ƙarfen. Wata murya a cikinta tana ce mata hannunta ya fi wannan ƙirgen sauri, ta yi wa mutum alkawari, kuma kafin azahar duk sashen zai ji cewa Mai Talabijin ta kashe talabijin da kanta. Zufa ta gangaro mata ta bayan wuya. Ta tuna yatsun kafintan a kan tabonsa. Ta kuma tuna kujerun ɗakin wankin ƙoda a jere, da mutanen da ke kishingiɗe a kansu awa huɗu suna kallon silin.

"Likita?"

"Kar ka fara." Ta janye ƙarfen a hankali. "A fitar da kyamara. Za mu buɗe. A kira min Baba."

Sai a lokacin ta tuna layin da ta ja jiya a kan ledojin ƙanƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ledar ruwa ba ta daskarewa a awa ɗaya don an ce mata likita ta canza ra'ayi. Buɗewa babu ƙanƙara kuwa asara biyu ce: ga dogon yanka, ga minti ashirin da biyar ɗin nan dai.

"Sista," ta ce, "ledojin nan..."

"Leda biyu na nan."

"Ai na ce kar a sa."

"Kunnena ya ji, hannuna ne bai ji ba. Sabo turken wawa. Na sa biyu kafin in tuna, sai kuma na ji ƙyuyar cirewa." Sista ko kallonta ba ta yi ba, tana jera wuƙaƙe a faranti. "Biyu ne fa, ba biyar ba."

Ba a yi nisa wajen neman Baba ba. A ɗakin canza kaya aka same shi, sanye da kayan tiyata tun safe, yana zaune kamar mai jiran mota. Ya wanke hannu, aka sa masa riga da safar hannu, ya shigo hannu ɗaya riƙe da ɗaya a ƙirjinsa. Likita ta ja da baya ta bar masa wurin mai wuƙa. Ta nemi kalmar da za ta hana shi ba tare da ta kashe shi ba, ta rasa.

"Ina za ki?" ya ce.

"Aikinka ne, Baba."

"Na ce a buɗe. Kin ji na ce ni zan buɗe?" Ya saki hannun daman, ya miƙe shi ƙarƙashin fitila a gaban kowa. Yatsun suna karkarwa, babu mai iya cewa bai gani ba. Sista ta sunkuyar da kai. "Kin gani tun ran nan, ni ma na ga kin gani. Da kin zo kin tambaye ni, da mun hutar da juna. Koma wurinki. Hannu naki, ido nawa."

Kunya da sauƙi suka taso mata lokaci guda, har idanunta suka ciko. Babu lokacin ko ɗaya daga cikinsu. Ta miƙa hannu, Sista ta ɗora mata wuƙa.

Ta yanka ƙarƙashin haƙarƙari, dogon yankan nan da ta yi alkawarin ba za ta yi ba. Shekara shida rabonta da shi, amma hannu ba ya mance gidan da ya tashi. A gefenta Sista ta naɗe ledojin cikin ƙyalle tana dukan su da guduma, dim, dim, har suka zama gari. Likita ta tallabo ƙodar da tafinta. Ta sha ganin ƙoda a allo, ta manta cewa abu ne mai ɗumi da nauyi.

"Matse," in ji Baba.

Ta matse jijiyar.

"Agogo ya tashi," in ji Sarkin Barci.

Nan take ƙodar ta fara dusashewa, daga ja ta koma toka-toka. Suka tula mata ƙanƙara, amma Baba ya hana a zuba duka. "Rage rabin leda. Za ki neme ta." Likita ta ɗauki wuƙa.

"Ajiye."

"Baba, agogo fa."

"Saman ne ya yi sanyi, cikin yana nan da ɗuminsa. Minti goma, kar ki taɓa ta."

A duk rayuwarta ba ta taɓa ganin minti goma masu tsawon waɗannan ba. Shekara shida tana horar da hannunta ya yi tsere da agogo, yau an ce ta naɗe shi ta tsaya tana kallon lokaci yana tsiyaya. Sarkin Barci, wanda ko a gaban gawa ba ya rasa labari, ya koma ba ya faɗin komai sai lamba. Huɗu. Bakwai. Ƙanƙarar tana narkewa a kan idonta, ruwan yana bin gefen ƙyalle yana ɗiga kan takalminta.

"Goma."

"Bismillah," in ji Baba.

Ta yanka. Shi kuwa ya leƙo ta kafaɗarta, hannuwansa a ƙirji, yana magana ƙasa-ƙasa. "Kar ki aske shi. Bar masa rigar nama mai lafiya, in kin fasa shi kin shuka shi. Dama kaɗan. Tsaya. Kin ga farin zaren can? Jijiya ce, ɗaure ta tukuna." A minti na ashirin da huɗu ƙarin ya fito sumul, ba a fasa shi ba, ya bar rami a ƙodar. A na ashirin da biyar, lambar da ta saba gamawa kafin a kai ta, ko allurar farko ba ta soka ba.

A talatin da ɗaya ƙanƙarar farko ta gama zama ruwa. Sista ta juye rabin ledar da aka rage, tun ba a ce ta zuba ba. A talatin da takwas Likita ta ja zare da ƙarfi, naman ya yage, ɗinki biyu suka kwance.

"Ƙoda ba fata ba ce," in ji Baba, muryarsa ba ta canza ba. "Lallaɓa ta ake yi. Sake, nesa da wurin kaɗan. Ba korar ki ake yi ba."

Korar ta ake yi mana, kuma shi ma ya sani. Ta sake sokawa, ta ja a hankali, ta ɗaure. Arba'in da uku. Arba'in da shida. Yatsunta sun daina jin sanyi ta cikin safa, kuma ta san abin da hakan ke nufi: ƙodar ta fara yin ɗumi.

"Arba'in da tara."

"Saki," in ji Baba.

Ta saki ƙarfen. Da farko babu abin da ya faru. Can sai ja ya fara bin ƙodar daga gindi, yana hawa a hankali, yana korar tokar. Kafin kowa ya yi hamdala, jini ya tsarto daga kusurwar ɗinkin. Hannun Baba ya zabura, ya kai rabin hanya, ya tsaya a iska yana rawa, sannan ya koma ƙirjinsa. Ita ta danne wurin da yatsa, ta soka allura ɗaya, ta ɗaure. Suka tsaya suna kallo. Wurin ya bushe.

"To, Mai Talabijin," ya ce. "Rufe."

A baranda Auta ya miƙe tun kafin ta ƙaraso.

"An cire ƙarin duka," ta ce. "Ƙodar tana nan. Amma sai da na buɗe shi."

Bai tsaya kan buɗewar ba. "Tana aiki?"

"Ba mu sani ba tukuna. Ƙodar da aka hana jini takan yi fushi. Wata awa biyu ta huce, wata kwana biyu." Ba ta faɗi ta ukun ba, shi ma bai tambaya ba.

Duk ilimin da aka tara a sashen, da duk gardamar ranar Litinin, sai ga shi sun ƙare a kan leda ɗaya da ke rataye a ƙafar gado, da siririyar robar da ta fito daga ƙarƙashin zanin gado ta shiga cikinta. In fitsari ya zo, ƙodar ta farka. Ƙarfe biyu ledar a bushe take. Ƙarfe huɗu ma haka. Likita ta duba robar ko ta lanƙwashe, ta ƙara gudun ruwan da ake ɗura masa, ta sake duba robar da ta riga ta duba. Tana da sauran marasa lafiya, amma ƙafarta ta ƙi nisa da gadon.

Auta yana zaune a kujerar roba, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Sista ta kawo masa ruwa a kofi, ya girgiza kai.

"Tun yaushe rabonka da ruwa?" Likita ta tambaye shi.

"Tun jiya." Ya sunkuyar da kai. "Duk sanda na zaga, Likita, da ƙodarsa nake yi. Shi yana kwance ana jiran ɗigo ɗaya, ni kuma in je in zubar a banza? Ba zan iya ba."

"Kana so in kwana da marasa lafiya biyu ke nan? Ƙodar da aka dasa ba ta son ƙishirwa, kai ma ka sani. Sha ruwa."

Ya gyaɗa kai cikin ladabi, amma bai sha ba. Sista ta ɗauke kofin tana ƙunƙuni.

Wajen ƙarfe biyar kafintan ya farka sosai. Abu na farko, hannunsa ya tafi gefen dama, ya ci karo da bandeji. Ya bi shi da yatsu daga ciki zuwa baya, yana aunawa da ɗani kamar yadda yake auna katako. Sai ya rufe ido.

"Malam," ta ce, "na karya alkawari. Na shiga ta ƙaramar ƙofa, na ga ba za ta fitar da kayan ba."

Ya juya fuska wajen bango. Ta ji da ma zaginta ya yi.

"Ɗani ɗaya da yatsu huɗu," ya ce daga baya, murya a dashe. "Daidai da na hagu. Ko ba komai kin iya awo." Ya numfasa, ciwo ya sa ya cije leɓe. "Ni ma nakan ɓalle bayan kabad in hannu bai kai ba. Mai kaya ba ya jin daɗi, amma ba wannan yake tambaya ba. Ya gyaru?"

Ba za ta sake yin alkawari ba. Ta dubi ledar.

Baba ya shigo, ya ja kujera ya zauna a ƙafar gadon. Ya ɗora hannuwansa duka biyu a kan gwiwa, a fili, na daman yana rawarsa babu mai ɓoye shi. Hasken taga ya karkata ya sauko kan zanin gado.

Sista ce ta fara gani. Ta sunkuya ta ɗaga robar wajen haske. Can sama, kusa da gefen katifa, ga wani ɗigo mai launin shayi marar kauri, yana gangarowa a hankali. Ya zo inda robar ta yi gwiwa, ya tsaya. Mutum huɗu suka zuba masa ido, kafintan kuma, da ba ya iya leƙawa, ya zuba wa fuskokinsu. Sai wani ya biyo baya ya ture shi, su biyun suka faɗa cikin ledar babu ko ƙara.

"Ɗigo biyu ba shaida ba ne," in ji Baba. Amma bai ɗauke ido daga robar ba, kuma na uku ya riga ya kamo hanya.

Auta ya yi gyaran murya, sau ɗaya, sau biyu.

"Sista," ya ce, "ina ruwan nan da kika kawo ɗazu?"